Kwamfutar da Yaya Ya Sa wa Zarto

Yayana kafinta ne, kuma tun da na buɗe ido na gan shi da fensir a bayan kunne ban taɓa ji ya ce wani abu ya ƙi shiga ba. Idan ƙofa ta yi wa gurbinta girma, ya rage ta. Idan ta yi kaɗan, ya ƙara mata katako ya goge, ko kai da ka saya ba za ka gane ba. Magina suna matuƙar son sa, don shi ne mai rufa musu asiri: su yi bango a karkace, shi ya zo ya sa taga ta zauna daram. Ni kaina na ɗanɗana. Lokacin da na koma gidan da nake yanzu, kabad ɗina na kaya ya ƙi wucewa ta ƙofar ɗaki. Ina cikin cewa a kwantar da shi a gwada, sai kawai na ji kukan zarto. Kafin in rufe baki Yaya ya yanke masa ƙafafu. Har yau sai na rusuna nake ganin fuskata a madubinsa, kuma idan na yi mita sai ya ce ai dai ya shiga.

Yana da dokoki na sayen katako, waɗanda ya koya wurin maigidansa tun yana ɗan koyo. Ba ya sayen komai da komai a wuri ɗaya, wai kada mutum ɗaya ya san cikinsa. Ba ya yarda da abin da aka rubuta a jiki, sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara. Babbar dokar kuwa, ba ya taɓa gaya wa mai sayarwa aikin da zai yi. A cewarsa, da zarar ka ce na gadon wani babba ne, katakon ya tashi daga katako ya koma zinariya. Da waɗannan dokoki ya riƙe gida, ya sa 'ya'yansa mata a makaranta har suka kama gabansu, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa. Ba zan ce dokokin banza ba ne.

Bayan rasuwar, gidan ya rage daga shi sai Auta, ɗansa namiji tilo, saurayi mai dogon wuya da ƙarancin magana. Auta yana bin sa wurin aiki, amma kowa ya san zuciyarsa ba a katako take ba. Da an tashi sai ya zame zuwa shagon gem da ke ƙarshen layinsu, ya zauna gaban allo da abokansa har a neme shi a rasa. Yaya ya tsani abin nan. Yana kiran sa wasan marasa aikin yi, kuma da idona na taɓa ganin ya jawo yaron daga shagon, riƙe da wuyan rigarsa, jama'a suna kallo.

Sai aka ba su aikin silin a wani gida mai dogon falo, Auta ya faɗo daga tsani, bayansa ya karye. Na iske Yaya a asibiti yana zaune a ƙasa, na tambaye shi yadda aka yi, ya ce ƙafar yaron ce ta zame. Haka na gaya wa duk wanda ya zo dubiya. An daɗe a asibiti, likitoci suka yi iya yinsu, a ƙarshe aka dawo da shi gida a keken guragu.

Tun daga ranar Auta bai sake yi wa ubansa magana ba. Ni yana amsa mini, yayyensa idan sun kira a waya yana amsa musu, har mai kawo ruwa yana ce wa sannu. Amma da Yaya ya ɗaga labule sai ya juya fuska bango. Yaya kuwa bakinsa ba ya iya lallashi, hannunsa kaɗai ke iyawa. Ya yi gangara a ƙofar gida don keken, ya kafa mariƙi a banɗaki, ya ƙera wani tebur mai taya da ke shiga ta saman gado. Duk wanda ya kawo, yaron zai yi amfani da shi, amma ko kallon wanda ya yi ba zai yi ba. Na sha ganin Yaya tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci yana gyaran murya, babu mai ce masa shigo. Mutum mai ƙirji kamar ƙofar gareji ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Ni kuwa bakina ba ya shiru, na zauna na wanke Auta tas, na ce ciwo ba ya ba ɗa izinin wulaƙanta uba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Gwaggo, don Allah ki bar maganar nan.”

Ana cikin haka wata safiya Yaya ya shigo shagona na ɗinkin labule, ya tsaya yana shafa yadi kamar mai saye, sannan ya ce in raka shi kasuwar kwamfuta. Zai haɗa wa Auta kwamfutar gem da hannunsa. Wallahi sai da na cire ƙafa daga kan keken ɗinki na dube shi sosai. Yaya? Gem? Ya ce jiya yana gyaran taga ta waje, ya ji wani abokin Auta yana ba shi labarin kwamfutar da ya haɗa da kansa, an sayo kayan ɗaiɗai an harhaɗa. Ya ji Auta yana ta jero tambayoyi, har ya yi dariya. Rabonsa da jin dariyar nan tun kafin faɗuwar. Ya ce idan har abin haɗawa ne, to ai haɗawa aikinsa ne. Na ce a kira abokin ya raka mu, ya ce a'a, yaro zai kai labari. Ban ja ba, don na ga idonsa.

Kasuwar bene ce, shaguna a jere kamar akwatunan ashana, kowanne da fanka da samari masu kiran mutum tun daga nesa. A shagon farko Yaya ya ce a ba shi ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda suke kira furosesa. Da aka kawo, ya ga abu bai kai murfin kwalba biyu ba, ya juya shi ya ce a kawo babba. Mai shagon ya yi masa bayani cewa duk haka suke, sannan ya tambaye shi wane madabod yake da shi, wato faffaɗan allon da komai yake hawa a kai, domin kowane furosesa da irin gurbin da yake zama. Nan take Yaya ya sha mur. Ya ce shi dai a sayar masa da abin da ya tambaya. Da muka fito ya raɗa mini cewa ai ga shi nan, duk halinsu ɗaya da masu katako.

Madabod ɗin a wani shago ya saye shi, kuma ya zaɓi wanda ya fi kowanne faɗi da nauyi. Ram, waɗansu sirara ne masu kama da mataji, ya saye su a hawa na sama wurin wata mata. Baiwar Allah ta tambaye shi har ta gaji wane iri allonsa yake ɗauka, don akwai tsohon yayi akwai sabo kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ya ce mata a ba shi mai kyau kawai. Katin hoto, wanda aka ce shi ne ran gem, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya ƙwanƙwasa kwalin, ya ji nauyi, fuskarsa ta saki a karon farko. Ya ce wannan kam an sa masa kaya. Akwatin da za a zuba su duka a ciki shi kaɗai ya auna, don dole ya zauna a kan teburin gadon Auta, saboda haka ya ɗauki ƙarami mai gilashi a gefe.

Ni ba sanin kwamfuta na yi ba, amma na san idan mutane daban-daban da ba su haɗa baki ba suka yi maka tambaya iri ɗaya, akwai dalili. Na faɗa masa a hanya. Ya ce in bar masa, ai ba yau ya fara haɗa abu ba.

Kwanaki suka wuce bai neme ni ba, sai ranar nan ya aiko in zo shagonsa. Na tarar ya share bencin aiki fes, abin da ban taɓa gani ba, ga akwatin a tsakiya yana ƙyalli. Ta cikin gilashin komai ya zauna tsaf, wayoyi a ɗaure a jere. Har na fara yi masa barka, sai idona ya sauka a kan wani ɗan guntu a gefen benci, kore, faɗinsa kamar yatsu biyu, da ƙananan abubuwa manne a jiki. Na ɗauka na tambaye shi na mene ne.

Ya ce, “Na katin hoton ne. Ya yi tsawo, na rage.”

Na ce ya rage da me? Ya nuna mini ƙaramin zartonsa na yankan ƙarfe, har yana ƙara mini bayani cewa ya bi bakin da samfefa don kada ya yanki hannun yaron. Na zauna a kan wata kujera da ba a gama ba. Shi kuwa ya ci gaba, da fara'arsa, kamar mai nuna sabon gida. Ramukan madabod ba su yi daidai da na akwatin ba, sai ya sa injin huda ya yi masa sababbi, gefen da ya tokare kuma ya ɗan ci shi da magagari. Ram suna da wata 'yar tsaga a ƙasa da ba ta dace da gurbinsu ba, sai ya yi musu wata tsagar a inda ya kamata. Furosesa ya ƙi kwanciya, ya danne shi da marfin har ya kwanta. Wani farin mai da aka ba shi a shafa tsakanin furosesa da fankarsa, ya gwada ya ga ba ya kama komai, ya goge ya sa gam ɗin katako.

Innalillahi. Na tambaye shi ko ya kunna, ya ce a'a, a gaban Auta za a fara kunnawa. Na roƙe shi da girman Allah ya bari a kira wanda ya sani ya duba tukuna. Ya ce masu yin kayan nan ba su iya awo ba ne kawai, shi kuma ya gyara musu. Ya rungumi akwatin ya yi gaba, na bi shi a baya ina salati a zuci.

Auta yana kwance da waya a hannu. Da ya ga ubansa ya juya bango kamar kullum. Yaya ya ɗora akwatin da allon kallo a kan tebur mai taya, ya turo shi saman gado, ya ce da ni, don ba zai iya cewa da shi ba, wai in gaya wa yaron ga abin wasansa. Auta ya ɗan waiwayo. Na ga idonsa ya buɗe, ya kafa gwiwar hannu ya ɗago, ya matso da fuska jikin gilashin. Ya daɗe yana kallo. Yaya ya sunkuya da filogi a hannu yana neman soket.

“Kar ka kunna.”

Muryar Auta ce, kuma da ubansa yake. Yaya ya daskare a sunkuye. Wannan ne abin da muka daɗe muna roƙo.

Auta ya ce in miƙo masa sukundireba. Ya buɗe gilashin, ya zaro ram ɗaya ya ɗaga wa haske, ya ajiye. Ya shafa sababbin ramukan madabod da ɗan yatsa. Sannan ya ciro katin hoton, ya juya shi, ya ga inda zarto ya bi, sumul, an goge shi da kyau. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi ubansa me ya sa. Yaya ya miƙe, har da ɗan murmushi don an yi masa magana, ya ce ai tsawo ya yi.

Auta ya ce, “Wannan ya yi tsawo ka yanke. Tsanin kuma ya gajarta, ka ƙara masa guntun katako da ƙusa. Na ce maka ba zai ɗauke ni ba. Ka ce in hau, kai ka san aikinka.”

Na juya na dubi Yaya ina jira ya ce ƙarya ne, ko ya ce ciwo ne ya rikita yaron. Filogin yana hannunsa har lokacin. Ya dubi ƙasa ya ce, “Haka aka yi.”

Na zauna a bakin gado. Ashe ba ƙafa ce ta zame ba. Ashe duk tsawon lokacin nan yaron yana kwance yana jin ana maimaita wa 'yan dubiya cewa shi ne bai taka da kyau ba, kuma bai ƙaryata ubansa a gaban kowa ba ko sau ɗaya. Auta ya ce karayar ba ita ta fi yi masa ciwo ba, abin da ya ji an faɗa a asibiti yana kwance ana zaton barci yake, shi ne ya hana shi kallon fuskar ubansa. Yaya bai kare kansa ba. Ya ce tsoro ya ji, da farko tsoron mutane, daga baya tsoron Auta, kuma kullum yana zuwa bakin ƙofa da niyyar faɗa sai ya kasa. Ya ajiye filogin a kan tebur a hankali ya fita. Raina ya ɓaci da shi ɓacin da ban taɓa yi ba, na yi kwanaki ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Shi da kansa ya kira 'ya'yansa mata ya gaya musu gaskiya, ya bi maƙwabtan da suka zo dubiya ya gaya musu. Shagonsa ya zauna a rufe. Na zaci magana ta ƙare ke nan, gidan ya koma gidan jiya ko ma ya fi. Amma wata rana na kai wa Auta wanki, na same shi da furosesan nan a hannu yana ɓamɓare masa gam da farce. Ya ce wannan bai mutu ba, tunda ba a kunna ba. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan lantarki, shi ma lafiya lau, haka allon kallo da akwatin kansa. Madabod da ram da katin hoto kam sai dai a yi musu addu'a. Ya ce daga furosesa ake farawa: a nemo madabod mai irin gurbinsa wanda kuma zai shiga ƙaramin akwati, sai ram irin wanda madabod ɗin yake ɗauka, sai katin da akwatin wuta zai iya ciyarwa. Sannan ya ce yana buƙatar a auna masa cikin akwatin, daga baya zuwa gaba. Na ce akwai tef ɗin ɗinki a jakata. Ya ce a'a, in kira Baba.

Yaya ya zo da tef ɗinsa na ƙarfe, ya auna, ya sake aunawa, ya faɗi abin da ya samu. Auta ya ce to. Iyakar hirar ke nan, amma hira ce. Da za a koma kasuwa, Auta ya kafa sharaɗi: shago ɗaya za a je, kuma duk abin da mai shago ya tambaya sai an gaya masa. Na raka shi don in ga wannan da idona. Na ga Yaya tsaye gaban saurayin da a haife ya haifi kamarsa, yana zayyana masa komai, har da abin da ba a tambaye shi ba, har da zarton. Saurayin ya dafe kai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Katin da aka samu wannan karon ƙarami ne, na hannu, ko rabin nauyin wancan bai kai ba, kuma Yaya bai ƙwanƙwasa shi ba.

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Auta yana kan kekensa, kuma akwai ranakun da yake tashi ba ya son ganin kowa, ubansa a kan gaba. Ko ya yafe, ban tambaye shi ba, na koyi kama bakina a kan wannan.

Ranar haɗawa dai ina ɗakin. Auta ba ya iya sunkuyawa cikin akwatin sosai saboda bayansa, don haka shi ke faɗa, Yaya ke yi. Ya sa ubansa ya wanke hannu, ya hana shi shigowa da komai sai sukundireba ɗaya. Furosesa ya faɗa gurbinsa da kansa ba a taɓa shi ba, Yaya ya dubi abin kamar an yi masa dabo. Ramuka suka hau kan ramuka. Da aka zo kan ram, tsaga ta yi daidai da tsaga, amma abin ya tsaya a rabi. Auta ya ce haka yake, sai an danna da ƙarfi har ya yi ƙara. Yaya ya ɗora manyan yatsunsa a kai ya tsaya. Hannun da na sani yana kafa ƙusa da bugu ɗaya, ga shi ya kasa danna abu kamar mataji. Auta ya sake cewa ya danna. Yaya ya janye hannun ya goge a riga, ya ce shi dai a kira abokin nan ya zo ya yi.

“Idan na karya maka fa?” in ji shi, ba tare da ya ɗago ba.

Auta ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. “Na duba, Baba. Zai ɗauka. Danna.”

Yaya ya mayar da yatsunsa, ya rufe ido, ya danna. Abin ya yi ƙas. Bai buɗe idon ba sai da Auta ya miƙo masa na biyun.